Tsohuwar Waƙa, Sabuwar Ganga

A 1995 waɗansu makaɗa suka kafa ƙungiyar In Extremo a Balin, ƙasar Jamus. Kiɗansu metal ne, mai girgiza bango, amma sun gama jitar lantarki da algaita mai salka irin ta mutanen dā. A 1998 suka fitar da Palästinalied, waƙar Walther von der Vogelweide ta ƙarni na 13. Muryarta ta tsira a rubuce, ban da saurinta. Mai ganga ya cike wannan, ya kuwa kyauta, gama waƙar ta farfaɗo.

Sai dai waƙar yaƙin gicciye ce. Cewa take Kirista da Yahudawa da Musulmi duk suna da'awar Ƙasa Mai Tsarki, amma Kirista ke da gaskiya. Da tsohon Jamusanci ake rera ta, matasa suna ta tsalle abinsu.