Littafin Lambobi na Tashar Kafanchan

Da yawa daga cikin ɗalibanmu a hoto kaɗai suka san jirgin ƙasa, in ban da waɗanda suka taɓa shiga na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Mu kuwa da muka tashi a Kafanchan cikin shekarun 1980, jirgi ne agogonmu. Shi ya sa da aka nemi malamai su rubuta wani abu a littafin bana, muka ga ya kyautu mu ba ku labarin wani wasa da muka yi muna yara, wanda iyayenmu suka ɗauka shiririta ce kawai.

Kafanchan gari ne da jirgi ya raya. A 1927 layin da ya taso daga Fatakwal ya ratsa ta nan ya kai Kaduna, a nan ne kuma reshen Jos ya rabu, ya bi ta Kagoro ya haura dutse. Daga baya aka ja layi daga Kuru zuwa Maiduguri, aka gama shi a 1964. Saboda haka jirgin da ya fito daga kudu maso gabas, ko Kaduna za shi ko Jos ko Bauchi, dole ya wuce ta gabanmu.

Mu bakwai ne. In an tashi daga makaranta sai mu je mu tsaya a bayan shingen tasha, kowa da littafin rubutu da fensir. Kowane kan jirgi yana da lamba a jikinsa. Mukan rubuta lambar, da ranar, da inda ya nufa, da yawan taragun da yake ja. Dokokinmu biyu ne. Ba a taka layin dogo, kuma ba a rubuta lamba sai mutum biyu sun gan ta da idonsu.

Wanda ya fahimtar da mu ma'anar lambobin wani maƙwabcinmu ne, tsohon direban jirgi da ya yi ritaya, muna kiransa Baba. Ya fara aiki tun zamanin jirgin kwal. Shi ya gaya mana cewa kan jirgi mai aiki da tururi ba ya tafiya sai da ruwa mai yawa, ga shi da rani ruwa yana wuya a arewa, kwal ɗin kuma tun daga Inugu ake ɗauko shi. Wannan ya sa aka juya ga dizal. Na farko guda goma daga Ingila suka zo a 1955, lambarsu ta fara daga 1001. A 1958 aka kawo na kamfanin General Motors na Amurka, su ne masu lamba daga 1101. Waɗanda suka cika littattafanmu kuwa masu farawa da 17 ne, ƙirar Montreal ta ƙasar Kanada, da aka fara kawowa a 1972. Baba ne kuma ya koya mana cewa injin dizal ɗin janareta yake juyawa, wutar da ta fito ita ke tura ƙafafun jirgin.

Na 1955 ba mu taɓa ganinsu ba. Na 1958 ma labari muke ji, har wata Asabar cikin hunturu. Hazo ya rufe gari, sanyi ya hana huɗu daga cikinmu fitowa. Kunne ne ya fara ba mu labari. Na Kanada da muka saba da su sukan yi kamar mai tari, su turnuƙe da baƙin hayaƙi, amma wannan ƙugi yake yi a miƙe ba yankewa. Sai ga shi ya ɓullo daga cikin hazo ta wajen Kaduna, fentinsa ya koɗe, yana jan 'yan taragun kaya. Muka karanta lambar sau uku kafin mu yarda: da 11 ta fara. Bai daɗe ba aka ba shi hannu, direban ya ɗaga mana hula, ya nufi kudu.

Da gudu muka isa gidan Baba, muka tarar da shi yana shan hantsi. Muka durƙusa muka ce, "Baba, ina kwana? Ka ga abin da muka samo yau." Bai ko karɓi littafin ba. Ya ce, "Yarana, na ji muryarsa tun ina ɗaki. Ashe har yanzu da sauran ransa." Ya yi shiru, sa'an nan ya ba mu labarin da bai taɓa ba mu ba. Lokacin da irin wannan kan jirgi ya iso, masu zuba kwal a wuta sun shiga zulumi, domin ba wutar da za a hura a cikinsa. Shi kansa Baba, da girmansa da iyalinsa, sai da ya koma ɗalibi ya koyi tuƙi sabo. Waɗansu abokansa ba su iya ba, suka koma gona. A ranar muka gane cewa bayan kowace lamba akwai mutane da abincin bakinsu.

Ran Litinin gardama ta kaure. Huɗun da ba su zo ba suka ce 17 muka gani a cikin hazo. Amma littattafai uku sun nuna lamba ɗaya, ga kuma shaidar Baba, dole suka haƙura. Sun yi watanni suna sammako a tasha, bai sake biyowa ba.

Daga 1996 aka fara kawo sababbi daga Dalian ta ƙasar Sin, masu farawa da 21, amma a lokacin mun watse, kowa ya kama gabansa. Jirage suka yi ta raguwa a layinmu, Baba kuma ya rasu. In mun haɗu yanzu lokacin hutu, wannan ya ce tarago biyar ne, wancan ya ce takwas. Gara ta cinye littattafai biyu. Ɗayan da ya rage shi ke raba gardama: tarago shida, ranar Asabar, ya nufi kudu.

Ɗalibai, a garuruwanku akwai tsofaffin ma'aikatan reluwe, a Kafanchan da Zariya da Bukuru da sauransu, kuma kullum raguwa suke yi. A wannan hutu ku je ku gaishe su, ku zauna ku saurara. Ku tambayi wane kan jirgi suka tuƙa, a wane layi, a wace shekara. Ku rubuta a littafi, ku sa kwanan wata, kada ku ƙara abin da ba a gaya muku ba. In an dawo ku kawo ɗakin karatu, za mu ware masa wuri. Masu fita bana kuwa, muna yi muku fatan alheri a duk inda kuka nufa.