Na ɗauki yabo a matsayin daraja

Shekara da shekaru ina koyar da waƙoƙin soyayya na Ingila, na ƙarni na 16 da na 17, ina gaya wa ɗalibai cewa mawaƙan zamanin sun ɗauki mace da daraja. Hujjata ba ta wuce yabo ba. Ga Philip Sidney, a Astrophil and Stella da aka buga a 1591, ya kai Stella sama ya ajiye. Me kuma ake nema?

Wata ɗaliba ce ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ita kuma me ta ce?" Na yi 'yan kame-kame, aka tashi.

Da na koma gida sai na yi abin da ya kamata in yi tun farko, wanda Norman Fairclough ya koyar a littafinsa na 1989 kan harshe da iko: a duba wa ke aikata aiki a jimla, wa ake aikatawa a kansa. Namiji ne ke gani, ya so, ya yi kuka, ya yanke hukunci. Ita kuwa ana lissafa ta gaɓa-gaɓa, ido, leɓe, gashi, kamar kayan da aka baje a kasuwa. Inda Stella ta buɗe baki, galibi ƙi take yi, a kira ta maras tausayi. John Donne ma ya kamanta masoyiyarsa da Amurka, wato sabuwar ƙasar da aka gano za a mallaka. Kuma a dokar Ingila ta lokacin, dukiyar matar aure tana komawa hannun miji.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ban taɓa sa mace ko ɗaya a manhajata ba, alhali suna nan. A 1611, shekara biyu bayan fitowar waƙoƙin Shakespeare 154, Aemilia Lanyer ta buga waƙar da ta kare Hauwa'u, tana cewa Adamu ya fi ta ƙarfi, don haka alhakinsa ya fi nauyi. A 1621 Mary Wroth, 'yar ƙanen Sidney ɗin nan, ta fitar da waƙoƙin da mace ce ke begen namiji a cikinsu.

Malamai 'yan'uwana, in za ku koyar da Sidney da Donne, ku ajiye Lanyer da Wroth a gefensu a aji guda.