Ƙuli-Ƙuli da Maganaɗisu: Shin Hausa Za Ta Ɗauki Kimiyyar Zamani?

Sau da yawa nakan ji 'yan'uwanmu ɗaliban kimiyya suna cewa wai Hausa iyakarta waƙa da tatsuniya. Wannan magana ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Shi ya sa na ɗauko wani batu da su kansu suke shakkarsa, domin in gwada shi da harshenmu.

A shekarar 2004, wato shekarar da aka kafa Jami'ar Jihar Gombe, Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Mancesta a Ingila suka sa salatif suka yi ta ɓare irin baƙin da ke cikin fensir, har suka sami falle mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak. A 2017 kuma, masana a Jami'ar Washinton ta Amurka suka nuna cewa falle ɗaya na wani sinadari mai haɗin kuromiyam da aidin yana iya zama maganaɗisu.

Masana suna fassara halin irin waɗannan fallaye da wani reshen lissafi da ake kira tofoloji. A nan unguwarmu Shamaki ta cece ni. Na taso ina ganin iyayenmu mata suna murza tunkuza, su yi ƙuli-ƙuli, wani dunƙule, wani kamar zobe. Kafin a soya mai zoben, ko an ja shi ko an lanƙwasa, ƙofarsa tana nan, sai dai in an tsinka shi. Tofoloji ke nan: nazarin siffar da ja ko matsawa ba sa sauya ta. Thouless da Haldane da Kosterlitz sun sami lambar Nobel a 2016 don nuna cewa akwai abubuwa masu irin wannan hali.

To mene ne amfaninsa? A irin wannan falle mai maganaɗisu, lantarki ba ya ratsa tsakiya, sai ya bi gefe ta hanya ɗaya, ba komawa baya, ba karo, don haka wuta ba ta salwanta ta zama zafi. Duk wanda waya ta taɓa yi wa zafi a hannu ya san darajar wannan. An fara ganin hakan a Jami'ar Tsinghua ta ƙasar Sin a 2013, sannan a Jami'ar Fudan a 2020, cikin sanyin da ya kusa digiri 272 ƙasa da sifiri. Wannan sanyi shi ne babban cikas ga amfani da shi a na'urorinmu.

Ya kai mai karatu, ka ga Hausa ba ta gaza ba. Keɓaɓɓun kalmomi ne suka yi ƙaranci. Magabata sun share fage da littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990. Na kimiyya kuwa aikinmu ne, in ba haka ba ƙannenmu su yi ta hadda babu fahimta. Ni dai shawarata a kira tofoloji “ilimin dawwamar siffa”. Wanda yake da wadda ta fi, bismilla.