Launin Karsana

A karar Wudil, ran Juma'a, ido ke fara ciniki kafin baki. Da makiyayi ya hango farar karsana mai baƙin hanci, ya san Bunaji ce, mai jure tafiya da wahalar rani. Mai kiwon turke kuwa Bokolo yake nema, mai guntun ƙaho da faɗin jiki, don ta fi cika da nama. Har a Amurka baƙar saniya irin Angus takan fi tsada. Nakan yi tunani: launi ba ya ƙara wa nama daɗi, amma yana ɗauke da abin da kakanni suka lura da shi shekara da shekaru. Ɗan Adam ba ya ganin gobe, shi ya sa yake riƙe alamar da ba ta taɓa ba shi kunya ba.