Sirrin da ke cikin ƙwayar gishiri

Ku matso, 'yan uwa, shayin bai tafasa ba tukuna, kuma akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun jiya. Tsakaninmu ne. 'Yata ta dawo daga makaranta da jadawalin sinadarai, an ce su haddace guda ashirin na farko. Tana ta biya su tiryan-tiryan, amma da na tambaye ta dalilin da ya sa sodiyam ke zaune a hagu, kulorin kuma can dama, sai ta yi tsit. Wallahi abin ya dame ni.

Sai na ɗebo gishiri a tafin hannu na nuna mata. Sodiyam ƙarfe ne mai taushi, wuƙa ma tana yanka shi, kuma a cikin kananzir ake ajiye shi, don da ya taɓa ruwa sai ya hau tsalle yana huci. Kulorin kuwa iska ce mai guba. To ga su nan sun haɗu sun zama abin da miya ba ta yi sai da shi. Sodiyam na da ilektoron 11, ɗaya tak a zagayen waje, kamar ɗan dako mai neman inda zai sauke kaya. Kulorin na da 17, bakwai a waje, saura ɗaya ya cika takwas. Sodiyam ya miƙa, kulorin ya karɓe, sai cajinsu ya saɓa, suka riƙe juna gam.

Ga inda ya fi yi mini daɗi. A ƙarƙashin sodiyam akwai fotashiyam, wanda ake samu a tokar murhu. Shi ya fi yayansa zafin rai, a ruwa har wuta yake kamawa. Ƙwayarsa ce ta fi girma, ilektoron ɗin waje ya yi nisa da cibiya, tamkar saurayin da ɗakinsa ke zaure, nesa da idon maigida: ficewa ba ta yi masa wuya. A gidan su kulorin kuwa abin a juye yake, fulorin da ke sama shi ya fi kowa fizgar ilektoron, aidin da ke ƙasa ya fi sanyin hali.

Kuma ku ji, lokacin da Mendeleev na Rasha ya jera jadawalin a 1869, ba a ma gano ilektoron ba, sai a 1897. Nauyin ƙwayoyin sinadaran da halayensu ya bi, ya bar gurabe ya ce akwai masu zuwa. A 1875 aka gano galiyam a Faransa, ƙarfen da ke narkewa da ɗumin tafin hannu. A 1886 jamaniyam ya biyo baya a Jamus, kowanne ya faɗa gurbinsa.

Don Allah, duk wanda ɗansa ya kawo masa jadawalin nan, ya zaunar da shi, ya ɗebo gishiri, ya tambaye shi wa ya bayar, wa ya karɓa.