Tafiyar Ikko da aka ɗora a wuyana



Duk wanda ya tashi a kurmi ya san akwai tambayoyin da ɗan'uwansa na Kano ko na Damagaram ba ya karo da su sai in tafiya ta kama shi, mu kuwa da su muke kwana da su muke tashi. Maƙwabci zai yi bikin binne tsohuwarsa, za ka je ko za ka aika? An kawo shinkafar Kirsimeti, wa ya yanka kazar? To yau ga wata sabuwa da ta same ni, na ce bari in shimfiɗa ta a gabanku, domin na san ba ni kaɗai ba ne mai aikin ofis a cikinmu.

A wurin aikinmu a nan Badun mu goma sha huɗu ne, ni kaɗai ne Bahaushe. Muna da wani asusu da kowa ke zuba kuɗi duk ƙarshen wata, sau ɗaya a shekara sai a fasa a yi tafiyar kwana biyu. Mun je Dutsen Olumo a Abeokuta, mun je ruwan Erin-Ijesha, mun hau tsaunin Idanre har wasu suka rantse ba za su ƙara ba. Shirya tafiyar kuwa karɓa-karɓa ne. Bana juyi ya zo kaina, kuma bana ne matasan ofis suka rinjayi ƙuri'a: Ikko za a je, a yi Asabar ana zagaya wuraren da ake dafa giyar sana'ar hannu, ana ɗanɗanawa.

Ga wanda bai san abin ba, bari in ɗan yi bayani, don ni ma sai da na tambaya. Giyar da aka saba gani a kwalba manyan kamfanoni ke yi. Nigerian Breweries an kafa shi a 1946, ya fitar da Star a 1949 daga Iganmu, ya buɗe a Aba a 1957, a Kaduna a 1963, a nan Badun a 1982. Guinness kuma ta zo Ikeja a farkon shekarun 1960. Wannan da matasanmu ke magana ita ce ta ƙananan masu dafawa, kaɗan-kaɗan, kowace tukunya da nata ɗanɗano. A Amurka abin ya bunƙasa bayan 1978, lokacin da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba mutum damar dafa tasa a gida. Daga nan ya zama yayi, har mutane kan ɗauki ƙarshen mako su tafi wani gari takanas don su bi waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya. Yayin ya iso mana. Wanda ya fi suna a ƙasar nan ya fara ne a Abuja a 2017 kafin ya kafu a Victoria Island, kuma abin dariya, sunan Hausa gare shi: Bature Brewery. Wani yaro a ofis har cewa ya yi, "Malam, ai na mutanenku ne, dubi sunan." Na ce masa Bature dai ba ɗan Sabo ba ne.

Hanya mafi sauƙi ita ce in ce ba ni da lafiya, ko in ƙirƙiro ɗaurin aure a Funtuwa. Da yawa daga cikinmu haka muke yi, kuma ina ganin wannan ne ya sa har yau abokan zamanmu ba su san inda iyakarmu take ba. Suna ganin dai Bahaushe mutum ne da kan ɓace in an zo wani abu. Ni kuwa na ci daɗin tafiya uku da wasu suka sha wahalar shiryawa, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ban da haka, mutanen nan su ne suka cika motoci biyu suka zo Sabo ranar da mahaifina ya rasu, suka zauna a kan tabarma cikin rana ba su san abin da ake karantawa ba. Ba mutanen da zan yi wa ƙarya ba ne.

Sai na je wurin malamin da muke ɗaukar karatu a gunsa bayan Magariba. Na ɗauka zai ce in fita daga asusun gaba ɗaya. Sai ya tambaye ni, "To kai me za ka riƙe da hannunka a tafiyar?" Ya tunatar da ni cewa hanin da ya zo a Suratul Ma'ida, aya ta 90, kowa ya san shi, amma abin da mutane ke mantawa shi ne hadisi bai tsaya kan mai sha ba, ya haɗa da mai dafawa, da mai ɗauka, da mai sayarwa, da mai saye, da mai zubawa, da mai cin kuɗinta. Ya ce akwai kuma hani a kan zama a teburin da ake zagayawa da ita. "Amma tikitin jirgi ba giya ba ne, ɗakin kwana ba giya ba ne. Ka raba abin da yake naka da wanda ba naka ba, ka faɗa musu tun yanzu, kada ka bari sai an isa."

Haka na yi. Ranar Litinin na sami shugaban ofis, dattijo ne Bayarabe, na ce, "Oga, tafiya ina nan a kanta. Jirgi, masauki, abinci, mota, duk ku bar mini. Amma wurin shan ba zan nema muku ba, kuɗinsa ba zai bi ta hannuna ba, kuma ba zan zauna a wurin ba. Ina roƙon a raba asusun biyu, a cire kason waɗanda ba sa sha daga wancan ɓangaren." Ya yi shiru, sannan ya ce shekara nawa muna tare bai taɓa jin na faɗi abin da ba na so ƙarara ba sai yau. Ya ce in kawo maganar gaban kowa.

A nan ne abin mamaki ya fito. Da na gama magana, wata Hajiya 'yar Ilori ta ce dama tana ta tunanin yadda za ta zame. Akawunmu, ɗan cocin Deeper Life, ya ce shi ko ƙofar wurin ba zai taka ba. Wani mai ciwon suga ya ce likita ya hana shi. Wata kuma ta ce ita warin ma ba ta so. Muka tashi mu biyar cikin sha huɗu, kowa dā ya yi gum yana zaton shi kaɗai ne. Ba kowa ya ji daɗi ba. Yaron nan mai zancen Bature ya ce na raba kan ofis, har yau gaisuwarmu ba ta koma daidai ba. Na bar shi, ran nan zai huce.

Ga yadda shirin ya tsaya. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan kama hanyar Moniya, mu haɗu a tasha mu shiga jirgin yamma. Tun da aka buɗe sabon layin dogon nan a 2021, kilomita 157 ne zuwa Ebute Metta, awa biyu da rabi ko sama da haka kaɗan, ba ruwanka da cunkoson tireloli na babbar hanya. Tafiyar ta kai ta ƙasaru, don haka sallah ba za ta yi wuya ba. Masauki na nema a Yaba, kusa da tasha, don kuɗin ɗaki a tsibiri zai cinye rabin asusun. Asabar da sassafe, kafin gadar Third Mainland ta cika, gaba ɗayanmu za mu wuce gandun dajin Lekki, inda ake tafiya a kan gadar igiya ta saman itatuwa mai tsawon mita 401. Bayan Azahar sai a rabu. Su tara su nufi Victoria Island, wani daga cikinsu ne ya shirya musu wannan. Mu biyar mu shiga tsohon gari: gidan tarihi na Onikan, kasuwar Balogun saboda mata, sannan ni da Hajiya mu yi La'asar a masallacin Shitta-Bey da ke titin Martins, wanda aka buɗe tun 1894. Shekaru ina wucewa ta Ikko ban taɓa sa goshina a cikinsa ba. Da dare kuma kowa da kowa a haɗu a Obalende wurin 'yan'uwanmu masu tsire, a nan ni ne jagora, ni zan zaɓi nama.

Abu ɗaya na dage a kai a ɓangarensu, duk da na ce ba ruwana: mota da direba na haya, wanda ba zai sha komai ba, ya kai su ya jira su ya dawo da su. Wani ya ce ai ɗan'uwansa zai ara musu mota su tuƙa da kansu. Na ce sam. Ban hana kowa abin da ya zaɓa ba, amma ni na karɓi lambar matan mutane da mazajensu a matsayin mai shirya tafiya, ba ni zan buga waya da tsakar dare in ce an yi haɗari a kan gada ba.

Yanzu ga inda maganar ta fi damuna, kuma ita ce ainihin dalilin wannan rubutu. Da ina tambayar yadda ake dafa abin, sai na ji kamar ana karanta mini aikin da na sani a tsakar gida. A jiƙa hatsi, a bar shi ya tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a tace. Har nan ai kusan hanyar kunun zaƙi ce. Bambancin shi ne a zuba yis a bar shi ya kwana ya kwana har zaƙin ya juye. Haka ake burkutu da fito a ƙauyukan Maguzawa da kudancin Kaduna da Filato tun kafin a haifi Star. Iyayenmu mata sun san wannan iyaka sarai, shi ya sa kunun da ya kwana biyu cikin zafi ya fara kumfa ba a ba yaro, zubarwa ake yi.

Hatsin kuma na wa ne? A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, manyan kamfanoni suka koma kan dawa da masara. Tun daga lokacin dawar Arewa, farafara da kaura, take gangarowa kudu tirela-tirela, har masu bincike na Samaru suka fitar da irin da ya dace da yin tsiro. Ina da kawu da ya yi shekaru yana tara dawa a Dawanau yana ɗora wa dillalai. Na taɓa tambayarsa ina take zuwa, ya ce, "Ɗana, ni buhu nake ƙirgawa." Kuma yana da hujja, don dawar nan ita ce ta tuwo, ita ce ta abincin kaji, ita ce kuma ke shiga lemon malt da muke jerawa a ɗaurin aure da buɗa-baki, wanda kamfanonin giyar ne dai ke yin sa. Amma malamanmu na Malikiyya sun yi magana a kan sayar da inabi ga wanda ka tabbata giya zai matsa, sun ce bai halatta ba. To ina sani yake farawa? In dillali ya faɗa maka sunan kamfanin fa? In bai faɗa ba amma kowa a kasuwa ya sani fa?

Ban kawo wannan don in tona wa kowa asiri ba. Na kawo shi ne don mu rage saurin ɗaga hanci. Yana da sauƙi mu zauna a Sabo, unguwar da kakanninmu suka kafa tun 1916 suka tsare addininsu a cikinta, mu riƙa kallon na waje a matsayin mashaya. Alhali muna da namu da ke sulalewa Mokola da dare, kuma kuɗin dawa ya gina gidaje da yawa a garuruwanmu. Akwai kuma Hausawa Kirista da ke zaune tare da mu a nan kurmi, waɗanda wasunsu ba sa sha ko kaɗan, wasu kuma ba sa ganin laifinsa. Abin da na iya yi a nawa ɗan ƙaramin hurumin shi ne in san abin da zai bi ta hannuna, in faɗe shi da baki a gaban mutane, in kuma ci gaba da zama da su.

Ranar Lahadi zan bar su su yi barcinsu, in tafi Agege da safe in gaida gwaggona, in karɓo saƙon kilishi da turare da aka ajiye mini. Jirgin yana tsayawa a tashar Agege, a nan zan same su mu dawo tare. Saura mako biyu. Wanda ya san wurin da ake samun masa da miyan taushe mai kyau kusa da Yaba, ya taimaka ya faɗa mini in mun haɗu a masallaci, don na yi wa akawunmu alkawarin karin kumallon da bai taɓa ci ba.

Allah ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya, ya tsare mana imaninmu da mutuncinmu a duk inda muke neman abinci. Wassalam.