Wa Zai Biya Shinkafar Kawu?

Asabar

Irin shinkafar da Kawu ya zuba a fadama ya ƙone ƙurmus. Injin ban ruwansa yana hannun wani bakanike a cikin garin Malam Madori tun makon jiya. An yi da shi zai gyara a yini guda, sai ya rufe shago ya tafi biki Haɗeja. Kawu ya ce sai an biya shi iri da taki da abin da zai girba. Bakanike ya ce shi ƙarfe aka damƙa masa, gonar ma bai san hanyarta ba.

Lahadi

Bayan la'asar na je zauren malam.

"Allah gafarta Malam, wanda bai taɓa abu da hannunsa ba, ana ɗora masa biyan ɓarna?"

Ya ce fikihu ya raba ɓarna gida biyu. Mubashara ita ce ka lalata abu kai tsaye, kamar ka cinna wa rumbu wuta. Wannan za ka biya ko da kuskure ne. Tasabbubi kuwa shi ne ka yi abin da ya zama sanadin asarar, kamar mai haƙa rami a kan hanya, jakin wani ya faɗa. Shi ba a ɗora masa lamuni, wato biyan ɓarna, sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. Da a cikin gonarsa ya haƙa, ba ruwansa. Ya ce Ƙarafi, malamin Malikiyya na Masar, ya lissafa tasabbubi cikin dalilan lamuni.

Na dawo da nauyin zuciya, domin hujjar bakanike ba wofi ba ce, tawa kuma da ta Kawu ba ta kai yadda muka ɗauka ba.

Litinin

Wani lauya ɗan unguwarmu ya ce kotunan ƙasar nan suna da irin wannan ma'auni, gadon wata shari'a ta Ingila ta 1854, Hadley da Baxendale. Ƙarfen injin niƙa ne ya karye, masu dako suka yi jinkirin kai shi, niƙa ya tsaya. Kotu ta hana masu injin ribar da suka rasa, saboda masu dakon ba su san aiki zai tsaya cak ba. Sai lauyan ya tambaye ni: "Kawu ya gaya masa irin na jiran ruwa?"

Ya gaya masa. A gaban mutum biyu ma.

Talata

Yau hankalina ya koma kan kogin Haɗeja. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ruwa ya sauya ɗabi'a. Yana gudu rani da damina, ciyawar kachalla ta samu wuri ta toshe hanyoyinsa, in ya cika sai ya fasa gonaki. A 2020 da 2022 an ga abin da ambaliya ta yi wa Auyo da Kirikasamma da Guri. Ba wanda ya ɗebi ruwa da hannu ya zuba wa manomi, amma shinkafa ta tafi. A ganina wannan shi ne tasabbubi mafi girma a ƙasar Haɗeja, kuma buhun tallafi ba diyya ba ne.

Laraba

An zauna gaban Bulama. Shaidu sun yi magana, bakanike ya sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, na yi sakaci."

Aka yi sulhu: zai biya kuɗin iri da taki, ya gyara injin kyauta. Amfanin da ba a girba ba kuwa, Bulama ya ce ba wanda ya san buhu nawa gonar za ta yi, ga tsuntsu ga tsutsa. Kawu bai ji daɗi ba, amma ina ganin an yi adalci. Gobe zai sake zuba iri.